Shatin Yatsu a Kan Labarin Iya Gumsu

Akwai wata malamar firamare a unguwar Kwaciri, cikin Fagge, sunanta Ruwaida. Mace ce mai sanyin hali, irin wadda idan ka taka mata ƙafa ita za ta riga ka ba da haƙuri. Ni dai wannan halin nata har haushi yake ba ni, kuma za ku ga dalili.

Ruwaida ita ce sakatariyar wata ƙaramar ƙungiyar marubuta da ke haɗuwa duk Asabar bayan La'asar a wani aji na makarantar da take koyarwa. Su takwas ne. Shekara uku suna cewa za su fitar da littafin gajerun labarai, kowa ya kawo ɗaya, shekara uku ana shan shayi ana watsewa. A bana dai Allah ya yi, labarai suka taru, aka sa ranar ƙaddamarwa, aka kama zaure, har an raba katin gayyata.

Sai aka ɗora wa Ruwaida aikin jera labaran: wanne zai buɗe littafin, wanne zai biyo baya, wanne zai rufe. Wanda bai taɓa yi ba zai ce ai wannan aikin minti goma ne. Ita ma da haka ta zata.

Kafin mu je can, sai kun san Iya Gumsu.

Iya Gumsu maƙwabciyar su Ruwaida ce, tsohuwa mai sayar da turaren wuta da humra. Iyayenta daga Borno suka zo tun tana goye, a Fagge ta girma. Sai da ta haura shekara sittin sannan ta shiga ajin yaƙi da jahilci na mata, wanda Ruwaida ke koyarwa da yamma. A nan ta koyi haɗa baƙi da wasali.

Wata rana ta kawo wa Ruwaida littafin rubutu na 'yan makaranta, duk ya kama ƙamshin turare. A ciki akwai labari da manyan haruffa masu karkata, ta sa masa suna "Kaskon Yakaka". Labarin ƙanwarta Yakaka ne. Sun yi faɗa a kan kaskon turaren mahaifiyarsu, suka shekara goma sha ɗaya ba sa ga maciji da juna. Da Yakaka ta rasu, aka sami kaskon a ƙasan akwatinta, a naɗe cikin ɗankwalin da Gumsu ta ba ta ranar aurenta.

Ruwaida ta karanta a tsaye a ƙofar aji, ta kasa ɗago kai.

"Ban samu na ba ta haƙuri ba, 'yar nan," in ji Iya Gumsu. "Na ji an ce kuna yin littafi. In sunanta ya shiga, ko ba komai na yi mata wani abu."

"Zai shiga, Iya. Na yi miki alkawari."

Da ta kai maganar gaban ƙungiya, shugabansu Malam Abdulƙahhar ya ɗaga kafaɗa. Malamin kwaleji ne, littattafansa goma sha ɗaya, kuma ba ya bari a manta da adadin. Ko buɗe littafin tsohuwar bai yi ba. Ya ce, "A saka mata, ai taimako ne." Labarai suka zama tara.

Ruwaida ta ɗauki aikin nan da gaske. Ta yanka kwali gida tara, ta rubuta sunan kowane labari, ta shimfiɗa a kan tabarma. Kwana biyar tana matsar da su. Ta lura labarai uku na mutuwa ne, ta raba su nesa da juna, don kada mai karatu ya ji kamar zaman makoki ya shiga. Ta sa gajere bayan dogo. Ta sa na ban dariya a inda zuciya ta yi nauyi. Akwai labarai biyu da jarumansu suke da suna ɗaya, ta jefa ɗaya gaba ɗaya baya.

Saura biyu masu wuya, farko da ƙarshe. A ganinta labarin farko shi ne mai riƙe hannun baƙo ya shigo da shi, na ƙarshe kuma shi mutum zai tafi da shi gida. Sai ta sa na Iya Gumsu a farko, shafi huɗu kacal, amma daga layin farko yake kama mutum. Ta sa na Malam Abdulƙahhar a ƙarshe, "Bencin Tasha", labarin wani uba da ke zuwa tashar mota kullum yana jiran ɗansa. Shi ya fi kowanne tsawo, farkonsa akwai nauyi, amma ƙarshensa babu kamarsa a duk littafin.

Ranar Asabar ta miƙe ta karanta jerin.

Malam Abdulƙahhar ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Malama Ruwaida, ko takardar a juye kika riƙe ta?"

Aka yi 'yar dariya. Ruwaida ta ce, "A'a, Malam. Na sa naka a ƙarshe ne saboda..."

"Dakata. A wane taro kika taɓa jin an fara gaishe da mai sayar da turare kafin shugaba? Ko a ɗaurin aure akwai tsari. Ko rabon abinci akwai tsari. Mu da muka yi shekara ashirin muna wannan harka, a ajiye mu a bayan littafi, wajen da ake sa tallar magani?"

"Malam, ba mutane na jera ba, labarai na jera."

"Labaran daga sama suka faɗo? A bi girma. Shi ke nan."

Kowa ya gyaɗa kai, domin kowa a ransa yana ganin idan aka bi girma shi ne na biyu.

To, a nan rigima ta tashi. Girma na me?

Da ta jera bisa yawan littattafai, Baffa ya kira ta. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, shi ya fi kowa shekaru a ƙungiyar. "Ruwaida, na yi jika da wanda kika sa a gabana. Haka aka koya miki a gida?"

Ta sake jerawa bisa shekaru. Sai ga saƙon murya na minti tara daga Surayya, wadda mabiyanta a Fesbuk suka fi na kowa yawa. "Anti Ruwaida, gaskiya ban ji daɗi ba. Su waye za su sayi littafin nan in ba mutanena ba? Ni ce ta bakwai? Haba!"

Ta matsar da Surayya. Sai Dakta Bahauddeen ya aiko da saƙo mai ladabi, wanda ya fi zagi ciwo, yana tambaya ko an daina daraja ilimi ne a ƙungiyar. Wani kuma ya ce shi ba ya neman gaba, amma ba zai zauna a bayan mace ba. Jama'a, mutanen da suke rubuta labarai a kan illar girman kai ke nan!

Abu biyu ne kawai ba su taɓa motsi ba a duk wannan juye-juye. Malam Abdulƙahhar yana farko, Iya Gumsu tana ƙarshe. A kan wannan kowa ya yarda.

Kuma kada ku ɗauka a waya ake gyaran. Duk sauyi ɗaya sai Ruwaida ta tashi daga makaranta, ta hau adaidaita sahu, ta ratsa cunkoson Kasuwar Singa, inda motocin kaya ke tsayawa a tsakiyar titi kamar gidan ubansu, har ta isa maɗaba'ar da ke Sabon Gari. Idan labari ya matsa, lambobin shafi sun canza, jerin abin da ke ciki ya canza, sai an zauna an bi ɗaya bayan ɗaya.

Mai tsara shafuka a maɗaba'ar ita ce Madam Veronica. Iyayenta daga kudu maso gabas suka zo, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar 'yar cikin gari. Shekara goma sha takwas tana buga littattafan Hausa a kwamfuta. A zuwa na biyar ta kalli Ruwaida ta saman tabarau.

"Ƙanwata, littafi kuke yi ko rabon gado?"

"Ki yi haƙuri, Madam."

"Ni ba haƙuri nake nema ba. Kin ga abin da kuka yi yanzu? Mutuwa, mutuwa, mutuwa, uku a jere. Wanda ya karanta wannan sai an kai masa gaisuwa. Jerinki na farko da kika nuna min ya fi."

"Na sani."

"To me ya sa ba kya faɗa musu?"

Ruwaida ta tattara takardunta ta fita. Ta faɗa, ba a ji ba ne. A hanyar komawa, a cikin adaidaita, ta ja mayafi ta rufe fuska ta yi kukan takaici. Ba don wahalar hanya ba. Tana kallon littafi mai kyau yana lalacewa a hannunta, kuma da hannun nata ake lalata shi.

Sau bakwai aka sauya jerin. Da aka samu wanda kowa ya yi shiru a kai, ba don ya gamsu ba sai don ya gaji, saura kwana goma a yi taro. Madam Veronica ta fitar da kwafin gwaji, wato bugun farko a fararen takardu wanda ake dubawa a sa hannu kafin a hau inji. Tana duba lambar shafin ƙarshe sai ta dafe kai.

"Akwai matsala. Ɗari da talatin da biyu."

"Me ya faru?"

"Injinmu babbar takarda yake bugawa, kowace ɗaya shafi goma sha shida, sannan a naɗe a yanka. Takwas aka tanadar muku, an riga an yanka takardar daidai da haka. Ɗari da ashirin da takwas ke nan. Kuna da rarar shafi huɗu. Na matse rubutu iya matsewa, in na ƙara sai da madubin likita za a karanta. Ranar Alhamis za mu hau inji. In kuka wuce Alhamis, akwai aikin makarantu a layi, ba za ku samu littafi ranar taronku ba."

Ruwaida ta kira shugaba a nan take, ta yi masa bayani.

"Shafi huɗu?" in ji shi. "To ai magana ta ƙare. Na tsohuwar nan nawa ne?"

"Huɗu ne, Malam. Amma na yi mata alkawari."

"Ke kika yi, ba ƙungiya ba."

"To a cire nawa."

"Naki goma sha ɗaya ne, lissafi ba zai daidaita ba. Nata huɗu ne cif. Kin ga Allah ne ya yanke."

Kun ji fa. Mutum ya yanke hukunci da bakinsa, ya jingina wa Allah.

Ruwaida ta ce, "Malam, ni ba zan iya sa hannu a kan wannan ba. Sai dai ka zo da kanka ranar Alhamis." Wannan ne karo na farko da ta ƙi bin umarninsa.

Da yamma ta biya gidan Iya Gumsu da niyyar ta fara shirya mata zuciya. Ta same ta a tsakar gida tana haɗa turare, gefe ga kwalba uku cike.

"Wannan na zauren taro ne," in ji tsohuwar. "Kada baƙi su shigo su ji wuri babu ƙamshi. Zauna ki ji, na iya wajen nan da nake tuntuɓe."

Ta ɗauko littafinta, ta ɗora yatsa a layin farko, ta karanta sakin layi guda ba ta tsaya ba. Ta ɗago tana murmushi kamar 'yar aji ɗaya.

"Na aika wa 'ya'yan Yakaka. Biyu za su zo daga Maiduguri. Rabon da su taka gidan nan tun kafin rasuwar uwarsu."

Ruwaida ta kasa gaya mata abin da ya kawo ta. Ta ce, "Allah ya kawo su lafiya, Iya." Ta tashi ta fita da sauri.

Ranar Alhamis da hantsi Malam Abdulƙahhar ya iso maɗaba'a cikin farar shadda, yana tattare riga kada ta taɓa wani abu. Ruwaida ta riga shi zuwa. Wurin ya cika da ƙarar inji da warin tawada.

"Madam, kawo kwafin gwajin in sa hannu. A zare na ƙarshe. Ina da lacca ƙarfe goma sha biyu."

Madam Veronica ta duba kan teburinta, babu. Ta duba aljihun tebur, babu. Ta leƙa ɗakin inji ta ɗaga murya. "Malam Sammani! Ina takardun mutane?"

Sammani shi ne mai tuƙa injin, magidanci ne ɗan Fagge, mai furfura a gemu, hannayensa baƙi ƙirin da tawada har gwiwar hannu. Ya fito riƙe da takardun yana sosa ƙeya.

Da aka ajiye su a tebur, Malam Abdulƙahhar ya yi tsalle baya. "Wane irin sakaci ne wannan? Dubi yadda aka ɓata aiki!"

Gaskiya an ɓata. Shafin farko akwai shatin babban yatsa a gefe, baƙi, ɓaro-ɓaro. Shafi na biyu ma akwai. Ya buɗe na uku yana shirin ci gaba da faɗa, sai ya ga fari tas. Na huɗu fari. Ya yi ta buɗewa, labarinsa duka fari fat kamar yanzu ya fito daga inji. Labaran da ke biye ma haka.

Sai ya kai shafi huɗun ƙarshe.

Waɗannan kam sun sha hannu. Shatin yatsu a sama, a ƙasa, a gefe, manya da ƙanana, wani a kan wani. Kusurwoyin sun lanƙwashe. Shafi ɗaya har da ɗigon mai.

"Wa ya yi wannan?"

"Mu ne, ranka ya daɗe," in ji Sammani. "A yi haƙuri. Ni al'adata ce, duk littafin Hausa da ya shigo nakan ɗan leƙa lokacin hutu. Na ɗauki wannan daga farko, na yi shafi biyu, na ga ana ta ba ni tarihin garuruwa da manyan kalmomi, ban ga mutum ko ɗaya ba. Sai na ce to, littafin manya ne, ba irin namu ba. Na ajiye."

Bai san da mai labarin yake magana ba. Ruwaida ta sunkuyar da kai. Madam Veronica kuwa ta naɗe hannu a ƙirji, ba ta da niyyar ceton kowa.

"Jiya kuma," Sammani ya ci gaba, "na zari takardar ƙarshe zan goge hannu. Idona ya faɗa kan wajen da aka buɗe akwatin nan aka ga kasko. Wallahi sai na nemi sauran ukun. Na karanta, na ba Okechukwu mai yanka takarda, shi ma ya karanta, ya ba masu ɗinki. Ni da yayana shekara shida ba ma magana a kan wani fili. Jiya bayan Magariba na je gidansa." Ya kalli Malam. "Amma ranka ya daɗe, wa ya ɓoye wannan labari a baya? Da ba don goge hannu ba, ai da ban san yana ciki ba."



Malam Abdulƙahhar ya ce, "Ai ba don masu inji aka rubuta littafin ba."

"Don wa aka rubuta, Malam?"

Ruwaida ce. Ita kanta ba ta san muryarta za ta fito haka ba.

"Sau bakwai na zo wurin nan. Sau bakwai ina matsar da sunaye don kada ran wani ya ɓaci. A duk cikinku babu wanda ya taɓa tambaya ta yaya mai karatu zai ji. Ga mai karatu nan a tsaye, ya gaya maka. Ban sa ka a ƙarshe don raini ba, Malam. Na sa ka ne don labarinka ya fi kowanne ƙarshe mai kyau, ina so a rufe littafin da shi a zuciya. Amma ba ka bari na ƙarasa maganar ba."

Madam Veronica ta karɓe. "Oga Malam, ni na buga labarinka harafi bayan harafi. Da na zo inda tsohon nan ya share wa ɗansa wuri a benci, sai da na tashi na wanke fuska. Amma ni aikina ne ya tilasta min na kai can. Wanda ya ɗauki littafi a kasuwa, babu mai tilasta masa."

Injin da ke ɗaki na ciki ya tsaya. Malam Abdulƙahhar ya ja kujera ya zauna, bai ko duba ko akwai tawada a kai ba. Ya ɗauki shafukan Iya Gumsu da bai taɓa karantawa ba, ya karanta su duka huɗun. Ya daɗe a kan na ƙarshe.

Sannan ya koma kan nasa. Shafi na ɗaya, tarihin yadda motocin haya suka fara shigowa gari. Na biyu, ra'ayoyin masana a kan ƙaura. Na uku da na huɗu, bayanin abin da marubucin yake nufi da labarin da bai fara ba tukuna. A saman shafi na biyar aka rubuta: "Ranar da ɗansa ya cika shekara bakwai da tafiya, Malam Sa'adu ya sake zuwa tasha da kofin shayi biyu."

"Madam, ba ni jan biro."

Ya ja layi daga saman shafin farko har ƙasa. Ya ja a na biyu, da na uku, da na huɗu. Farar shaddar ta riga ta kwashi baƙi a hannun riga.

"Ga shafi huɗunku. A mayar da jeri yadda yake."

"Wanne daga cikin takwas?" in ji Madam Veronica.

"Na Malama Ruwaida. Na farko."

"Su Baffa fa, Malam?" Ruwaida ta tambaya.

"Duk wanda ya kira ki, ki ce ya kira ni, ni da nake na ƙarshe."

Bai ce ta yi haƙuri ba. Kada in yi muku ƙarya, bai faɗa ba, ya duba agogo ne ya fita. Kuma ranar taro, da ya karɓi lasifika, cewa ya yi, "Bayan dogon nazari, muka ga ya dace mu buɗe littafin da muryar uwa." Muka! Ni da nake ba ku labari har yanzu kalmar nan tana ci min rai. Ruwaida kuwa tana can gefe tana jera kujeru, ko a jikinta.

Zauren ya cika da ƙamshin turaren Iya Gumsu. Aka kira ta, ta tashi a hankali, ta buɗe shafin farko na littafin, ta ɗora yatsa. Ta yi tuntuɓe sau biyu, babu wanda ya yi dariya. Da ta ambaci sunan Yakaka, wasu mata biyu a layin gaba suka rufe fuska da mayafi. Da ta sauko, su suka tare ta, babbar ta riƙe hannunta ta ce, "Iya, a gidanki za mu kwana."

Ana watsewa, Sammani ya ratso jama'a, ya sha wanka, amma gefen farcensa har yanzu baƙi ne. Ya tsaya gaban Malam Abdulƙahhar da littafi a hannu.

"Ranka ya daɗe, ashe kai ne mai 'Bencin Tasha'. Na karanta littafin nan tun daga farko har bango, ban tsallake ko ɗaya ba. Don Allah, yaron nan ya dawo daga baya kuwa? Abin ya tsaya min a rai."

Littattafai goma sha ɗaya Malam ya rubuta, an yabe shi a taruka, an kira shi da manyan sunaye. Amma ya gaya wa Baffa daga baya cewa ba a taɓa tsayar da shi an tambaye shi lafiyar mutumin da ya ƙirƙira ba sai ranar. Daga kujerar ƙarshen da ya raina ya samu wannan.

Ruwaida ta kai wa Iya Gumsu sabon kwafi a leda, ta kuma ba ta labarin abin da ya faru a maɗaba'a, domin yanzu ana iya faɗa. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, ta juya littafin gaba da baya, ta shafa bangonsa.

"Yana da kyau, 'yar nan, Allah ya yi miki albarka. Amma waɗancan takardun masu baƙi, suna ina?"

"Suna wajen Madam Veronica. Ai sun ɓaci, Iya, zubarwa za a yi."

"Kada a zubar. Ki karɓo min su."

"Me za ki yi da su, ga sabo fes?"

"Wannan ba a taɓa shi ba tukuna," in ji Iya Gumsu. "Waɗancan kuwa mutane sun riƙe Yakaka da hannunsu."

Washegari Ruwaida ta sake hawa adaidaita, ta sake ratsa cunkoson Singa. A duk zirga-zirgar da ta yi zuwa Sabon Gari, wannan ce kaɗai ta yi da farin ciki. Takardun huɗu suna nan yanzu a ƙasan akwatin Iya Gumsu, a naɗe cikin ɗankwali ɗaya da kaskon.

Darasi: Idan aka ba ka aikin tsara abu don amfanin jama'a, ka tsara shi don waɗanda za su amfana, ba don girman waɗanda suka kawo ba. Matsayi na gaba ba ya ƙara wa aiki kyau, na baya kuma ba ya rage masa. Kada ka yanke hukunci a kan aikin wani kafin ka duba shi, kuma haƙuri ba ya nufin ka yi shiru har a karya alkawarin da ka ɗauka. Idan ka san wani da ke faɗa a kan wa za a fara ambata, ko wata mai haƙuri da ake ta juyawa kamar Ruwaida, tura musu wannan labari, ka kuma yaɗa shi don wasu su amfana.